Kunne Kafin Alƙalami: Matsalar Koyar da Karin Rubutacciyar Waƙa a Makarantun Ƙasar Yawuri

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a sake duban yadda muke koyar da karin rubutacciyar waƙa a kwalejojin ilimi, da kuma yadda ɗalibanmu suke kai abin da muka ba su zuwa makarantun sakandare. Abubuwan da za mu yi magana a kansu mun lura da su ne a wajen duba ɗalibai masu gwajin koyarwa a makarantun Shanga da Yawuri da Ngaski, wato garuruwan da ke gefen tafkin Kainji a Jihar Kebbi. Mun zaɓi wannan yanki ne domin a nan matsalar ta fi fitowa fili, saboda dalilan da za su zo nan gaba. Abin da muke son tabbatarwa kuwa shi ne, hanyar da aka saba bi, ta farawa da sunayen karuruwa da ƙafafuwan Larabci, tana fitar da malamin da zai iya jera sunaye goma sha shida a kan allo, amma in an rera masa baiti karyayye ba zai ji inda ya karye ba.

Abin da Muka Gada

Mahalarta wannan taro sun san tarihin ilimin aruli, saboda haka ba za mu daɗe a kansa ba. Halilu ɗan Ahmad na birnin Basra, wanda ya rayu a ƙarni na 8, shi ya fitar da karuruwa 15 daga waƙoƙin Larabawa, daga baya aka ƙara Mutadarik, wanda ake jingina wa almajirinsa Ahfash, suka zama 16. Malaman jihadi na ƙarni na 19 sun san wannan ilimi sani na haƙiƙa, har Malam Abdullahi na Gwandu ya yi wallafa a kan aruli da ƙafiya, kuma da wannan ma'auni suka tsara waƙoƙinsu na Larabci da Fulatanci da Hausa. A fagen nazarin zamani, Joseph Greenberg ya nuna tun a 1949 cewa karin waƙar Hausa ya dogara ne a kan tsawon gaɓa. A 1975 Farfesa M.K.M. Galadanci ya buga mashahuriyar maƙalarsa a mujallar Harsunan Nijeriya, inda ya kwatanta haɗuwar arulin Larabci da waƙar Hausa da aure, kuma a wannan shekara ce littafin Mervyn Hiskett a kan tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa ya fito.

Dalilin da ya sa auren ya yiwu a fili yake. Hausa, kamar Larabci, gaɓa iri biyu gare ta ta fuskar nauyi. Akwai gajeruwa, wato baƙi da gajeren wasali, wadda za mu nuna da (v). Akwai kuma doguwa, wato baƙi da dogon wasali, ko baƙi da tagwan wasali, ko baƙi da wasali da wani baƙin a rufe, wadda za mu nuna da (–). Ba mu da ja a kan wannan. Inda muke da magana shi ne abin da aka mayar da wannan gado a cikin aji.

Ana ba da labari cewa Halilu ya fara fahimtar ma'aunin ne da ya ji saukar gudumar maƙeran tagulla a kasuwar Basra. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, waɗanda suka riƙe shi sun gane cewa mutumin ya fara da ji ne, sunaye suka biyo baya. Mu kuwa mun juya abin, muna farawa da sunaye, jin kuma sau da yawa ba a kai gare shi kafin zangon karatu ya ƙare.

Rubutun Boko da Yaudarar Ido

Babbar matsala ta farko tana cikin rubutun da muke karanta waƙar da shi. Daidaitaccen rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, alhali kuwa a kan tsawon wasali rabin ma'aunin yake tsaye. Marubutan ajami galibi sukan nuna dogon wasali da alif ko wau ko ya, saboda haka almajirin da ya karanta waƙar Nana Asma'u a ajami yana ganin abin da ɗalibinmu na boko ba ya gani. A nan za mu riɓanya wasali don nuna tsawonsa.

Mu ɗauki kalmar gari. In ana nufin wurin zama, garii ce (v –). In ana nufin abin tuwo, gaarii ce (– –). Haka baƙi na launi, baƙii (v –), da baƙi jam'in baƙo, baaƙii (– –). Waɗannan misalai ne da kowane malami yake kawowa, ɗalibai kuma sukan hardace su ba wuya. Abin da ba a cika kawowa ba, kuma shi ya fi yawa a cikin kowane baiti, shi ne tsawon da nahawu yake sauyawa. Duba waɗannan:

Yaa tafi. (– v v)
Lokacin da ya tafi. (ya tafi: v v v)

A rubuce ya ɗaya ce, amma ta farko doguwa ce, ta biyu gajeruwa. Haka abin yake ga na da ka da ta. Sa'an nan ga wasalin ƙarshen aikatau:

Yaa kaama kiifii. (– – v – –)
Yaa kaamaa shi. (– – – v)

Gaɓar ma ta gajarta a gaban suna, ta tsawaita a gaban wakilin suna. Duk Bahaushe yana faɗin wannan daidai a magana ba tare da ya san yana yi ba. Amma a ba shi alƙalami a ce ya yanka baiti, sai ya daina sauraren bakinsa, ya koma duban takarda, takardar kuwa ba ta ɗauke da amsar. Mun sha ganin ɗalibi a gaban allo ya sa alamar gajarta a kan kowace gaɓa mai harafi biyu, alamar tsawo a kan kowace mai harafi uku, domin abin da idonsa ya ba shi ke nan. Da wannan lissafi ba wata waƙar Hausa da za ta hau kari. Sakamakon haka sai ɗalibin ya yanke ɗayan hukunci biyu: ko dai ya ce waƙar Sa'adu Zungur ko ta Mu'azu Haɗeja a karye take, ko kuma ya ce aruli wani sirri ne da ya fi ƙarfin kansa. Na biyun ya fi yawa, kuma shi ya sa malaman sakandare da dama suke tsallake wannan fanni, su tsaya ga jigo da salo da amsa-amo.

Akwai wani ɓangare na wannan matsala da ya shafi masu tace waƙoƙi don bugawa. Hausar yamma, wadda ɗalibanmu da yawa suka tashi da ita, tana cewa sunka da munka da anka (– v) a inda daidaitacciyar Hausa take cewa suka da muka da aka (v v). Tana kuma cewa yat tafi, da rufaffiyar gaɓa, a inda ake cewa ya tafi. Wannan bambanci na nauyi ne, ba na lafazi kurum ba. Duk wanda ya juya waƙar Sakkwato ko ta Gwandu daga ajami zuwa boko, ya ga sunka ya gyara ta zuwa suka da sunan daidaita Hausa, to, ya zare wa ƙafar turke. Su kansu mawaƙan Kano da Zariya sukan ari sunka in kari ya nemi doguwar gaɓa. Yaron Shanga da malaminsa yake ja masa layi da jan biro saboda ya rubuta munka, yana riƙe ne da mabuɗin da ake buƙata wajen karanta waƙoƙin ƙarni na 19.

Sunan Ƙafa da Abin da Ake Ji

Matsala ta biyu ita ce yadda sunayen Larabci suke rufe abu mai sauƙi. Mu gwada da kalmomin da yaron bakin tafki yake faɗi kullum:

masunci (v – –) fa'uulun
kasuwa (– v –) faa'ilun
jirgin ruwa (– – v –) mustaf'ilun
madatsar ruwa (v v – v –) mutafaa'ilun
kasuwar nan (– v – –) faa'ilaatun
ruwan asuba (v – v v –) mufaa'alatun

Littafi zai ce ƙafar Kamil ita ce mutafaa'ilun, in kuma zihafin ilmari ya shige ta sai ta koma mustaf'ilun. Ɗalibi zai hardace wannan ya rubuta a jarrabawa ya ci maki. Amma a sa shi ya faɗi madatsar ruwa, sa'an nan ya faɗi jirgin ruwa, yana buga tebur da yatsa, nan take zai ji cewa lokacin da ma-da suka ci shi ne lokacin da jir ta ci ita kaɗai. In muka ba gajeruwar gaɓa awo ɗaya, doguwa awo biyu, kowace daga cikin jimlolin biyu awo bakwai ce. Ilmari ke nan gaba ɗayansa: gajeru biyu sun ba doguwa ɗaya wuri. Wanda ya ji wannan sau ɗaya da kunnensa zai kuma gane dalilin da ya sa ba a yanke wa waƙa hukunci da baiti guda, domin ɗangon Kamil da ilmari ya shiga duk ƙafafuwansa ba ya bambanta da na Rajaz, sai an bi sauran baitoci an ga ko gajeru biyun za su ɓullo.

Inda abin ya fi ba da mamaki shi ne Mutadarik, wanda yake cikin karuruwan da mawaƙan Hausa na ƙarni na 20 suka fi yawan hawa. A littafi ƙafarsa ta asali faa'ilun ce, nauyin kasuwa, awo biyar. To amma abin da kunne yake ji a waƙoƙin Hausa da ake kira Mutadarik shi ne nauyin asuba (v v –) ko nauyin kifi (– –), kowanne awo huɗu. Russell Schuh ya yi nazari a kan wannan kari a ƙarshen shekarun 1980, ya nuna cewa a Hausa an fi fahimtarsa in an ɗauke shi a matsayin bugu mai tafiya daidai wa daida, wanda doguwa ɗaya ko gajeru biyu suke cike gurbinsa. Wannan yana nufin in muka nace wa lissafin littafi, sai mu ce wa ɗalibi kusan kowace ƙafa ta waƙar tana ɗauke da zihafi ko illa, ita kuwa lafiyayyar ƙafar da ake auna sauran da ita da ƙyar ne za a gamu da ita. A ganinmu bayanin da yake mayar da abin da aka saba ya zama togaciya, bayani ne da ya kamata a sake duba shi. Ga kuma nauyin kalmar illa ita kanta a kunnen Bahaushe. A aruli suna ne na wani canji da aka yarda da shi, amma ɗalibi yana jin ta ne da ma'anar aibu, har mun ga wanda ya rubuta cewa mawaƙi ya kasa saboda waƙarsa cike take da illoli.

Shaidar Mawaƙan Kansu

Alhaji Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, bai taɓa duban ɗango a takarda ya sa masa alama ba, amma ya riƙe kari guda a cikin ɗaruruwan baitocin Imfiraji. Waɗansu manazarta sun sa karin nata a ƙarƙashin Ramal, waɗansu kuma sun nuna cewa daga kiɗan caji na mawaƙan baka aka ɗauko shi. Alhaji Aƙilu Aliyu, wanda aka haifa a Jega a 1918, ya rasu a 1999, shi ne wanda Ɗalhatu Muhammad ya yi digirinsa na uku a kansa a Landan a 1977, kuma nazarce-nazarcen Ɗalhatu sun nuna yadda rubutacciyar waƙa da ta baka suke cuɗanya, har marubuci yakan ɗauki karin makaɗi ya ɗora nasa baitocin a kai. Abin da mawaƙan Hausa suka saba yi shi ne su riƙe muryar wata waƙa a ka, su yi ta gwada kalmomi a kanta, wadda ta zauna su bar ta, wadda ta yi tuntuɓe su sauya ta. Kalmar kari da muke amfani da ita ma daga nan ta fito, domin karin murya ake nufi tun asali.

Ɗaliban ƙasar Yawuri ba baƙi ba ne ga wannan. Sun tashi suna jin waƙoƙin fada na gidan Ɗandawo, Aliyu da ɗansa Sani. Sun san luguden mata a turmi, inda taɓarya biyu ko uku suke sauka bi da bi ba tare da sun yi karo ba. Sun ga matuƙa jirage a bikin Rigata, filafilai suna shiga ruwa lokaci guda. Ita kalmar filaafilii ma (v – v –) ƙafa ce cikakkiya daga cikin siffofin da Rajaz yake ɗauka. Kunnen da zai gane matuƙin da ya saɓa wa 'yan'uwansa da rabin bugu, ba za a ce ya kasa gane gaɓar da ta yi yawa a ɗango ba. Ba a dai taɓa gaya wa mai kunnen cewa abu ɗaya ake nema ba.

Sai dai akwai abin lura game da wannan yanki. An kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci tsibirai da garuruwa, aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni. A aji ɗaya a yau za a sami Bahaushe da Bagunge da Bakambare da Badukke da ɗan Sarkawa da Bashange. Harshen Shanga na dangin harsunan Mande ne, kuma Shangawa da yawa sun koma Hausa ita ce harshen gida. Waɗansu yaran kuwa a kasuwa da makaranta suka koyi Hausa, kuma akwai kalmomin adabi da ba su taɓa jin an furta ba, a littafi kawai suka gan su. Ga irin wannan yaro, umurnin da muke bayarwa cewa ya saurari bakinsa bai wadatar ba, domin bakin nasa bai san ko wasalin dogo ne ko gajere ba. Dole malami ya furta masa, ya maimaita, ko ya kunna masa muryar mawaƙin. Wannan a da yana da wuya, sai an nemi faifai ko kaset daga gidan rediyo. Yanzu kuwa muryar Aƙilu Aliyu tana iya zama a cikin wayar malami.

Daga Ji Zuwa Sarrafawa

Tsarin da muke ganin ya fi dacewa shi ne a jinkirta sunayen Larabci har sai kunne ya zauna. A fara da kalmomi ɗaiɗai, ɗalibai suna faɗi suna bugawa, har su daina kuskuren gari da gari. Sa'an nan a ba su ma'auni guda, alal misali jirgin ruwa, a ce kowa ya kawo jimlar da ta yi daidai da nauyinsa. Wani zai ce bakin ruwa, a karɓa, domin baa-kin doguwa biyu ce. Wani zai ce baƙin ruwa, sai aji ya rabu biyu, a nan ne kuma darasin yake, domin sai an tambaye shi ko ruwa marar gauraye yake nufi ko mutanen da suka zo ta ruwa kafin a san ko ya hau. Bayan wannan sai malami ya ɗauki baiti daga waƙar da ke cikin manhaja, ya rera shi daidai, ya sake rera shi bayan ya cusa gaɓa ɗaya ko ya zare ɗaya, ya tambaya a ina aka yi tuntuɓe. Mun lura cewa ɗaliban da suka kasa yanka baiti a takarda sukan nuna wurin tun kafin malami ya rufe baki.

Sarrafa kari kuwa ba ya samuwa sai ɗalibi ya gwada tsarawa da kansa, ko da ɗango biyu ne a kan kasuwar garinsu. A nan ne zai gano dabarun da mawaƙa suke yi, waɗanda a da yake ɗauka kuskuren ɗab'i ne. Zai ga cewa ya yi tana iya dunƙulewa ta zama yai, masa ta zama mai, gare shi ta zama garai, kuma kowace dunƙulewa tana sauya yawan gaɓoɓi ko nauyinsu. Zai ga amfanin ƙananan kalmomi irin su dai da fa da kau wajen cike gurbi, zai kuma fara gane bambancin mawaƙin da yake sa su don ma'ana ta nema da wanda yake tara su don ya rasa abin faɗi. Wannan shi ne mafarin tarke na gaskiya. Zai kuma gane cewa gaɓar ƙarshen ɗango ana lissafa ta doguwa ko da gajeruwa ce a magana, saboda tsayawar da murya take yi a kanta.

Wajibi ne mu yi gargaɗi guda a nan, domin kada a ɗauka muna cewa rerawa ita ce kari. Mai rerawa yana iya jan gajeruwar gaɓa ko ya haɗiye doguwa don muryar da ya zaɓa. Bruce Hayes da Russell Schuh, a maƙalarsu a kan Rajaz na Hausa da ta fito a 2019, bayan rasuwar Schuh, sun nuna cewa masu rerawa daban-daban sukan ɗora kari ɗaya a kan bugu daban-daban. Saboda haka ɗalibi yana buƙatar ji iri biyu: ya ji baitin a rere don ya kama bugunsa, ya kuma faɗe shi a hankali kamar magana don ya auna gaɓoɓinsa. In ya dogara ga rerawa kaɗai, gwanin murya zai ɓoye masa karaya.

Za a iya ce mana wannan hanya tana rage darajar ilimin Halilu. Amsarmu ita ce, wanda zai tace waƙoƙin Shehu Usmanu da Abdullahi da Asma'u ba shi da makawa sai ya san Ɗawil da Basiɗ da Kamil da Wafir da sunayensu da zihafansu, domin da su aka gina waƙoƙin, kuma sau da yawa kari ne yake nuna wa mai tacewa cewa magwafi ya tsallake kalma ko ya ƙara wata. Muna son a koyar da su, amma a shekara ta biyu, ga ɗalibin da ya riga ya ji abin da sunayen suke nufi.

Akwai kuma abu guda da yake hannun wannan taro. Yawancin waɗanda suke zaɓen waƙoƙin manhaja da masu rubuta littattafan jagora suna cikin wannan zaure ko kuwa ɗalibanmu ne. Muna roƙon a duk waƙar da aka sa wa ɗalibai, a buga aƙalla baitoci biyar na farko sau biyu, sau ɗaya da rubutun yau da kullum, sau ɗaya da riɓanyayyen wasali, kuma a bar sunka da munka da yat a inda mawaƙi ya sa su. Shafi ɗaya ne zai ƙaru a kowace waƙa, kuma da shi malamin da aka tura Shanga ko Ngaski, wanda ba shi da wani na gaba da zai tambaya, zai sami abin da zai gwada furucinsa da shi kafin ya shiga aji.